Jar Motar Na Allah

Ranar sadakar arba'in ɗin Na Allah makaniki, bayan la'asar, aka gane an shiga rumfar motarsa.

Matarsa Zara'u ce ta gani. Mutane sun watse, ita da Gwaggo Lalla, ƙanwar uwarta da ta zo daga Kona taya ta zaman takaba, suna mai da tabarmi rumfar da ke bayan gida. Tana shiga ta ga kapon motar, murfin inji, bai zamna daidai ba. Na Allah ba ya barin kapo haka. Ita ma tun rasuwarsa kullum da sassafe takan ɗaga shi, ta kaɗe ƙura da tsumma, ta mayar har sai ya yi ƙara, kamar yadda ya saba. Ko a ranar ta yi. Ta ajiye tabarmin ta ɗaga. A saman inji, inda karbirato ke zamne yana ƙyalli, babu komi sai rami buɗe da ƙusoshi huɗu tsirara.

"Gwaggo, an yi muna sata."

"Sata? Yau? Ana cikin addu'a?"

"Yau ɗin nan. Da sahe shina nan, da hannuna na goge shi."

Gwaggo Lalla ta dafe ƙirji ta kama salati. Zara'u ba ta yi kuka ba. Kwana arba'in ta yi tana yi, ya ƙare mata. Ta tsaya tana dubawa.

Rumfar ƙofa biyu gare ta. Ƙaramar tana cikin gida kusa da murhu, kuma tun safe mata ke zamne a bakinta suna tuƙa tuwon sadaka. Ko kaza ba ta wuce ba su gani ba, balle namiji. Babbar ta ƙarfe ce, tana fita lungun baya, da kwaɗo a kanta ta waje. Mai takaba ba ta fita, don haka Zara'u ta tura Gwaggo ta zagaya. Gwaggo ta dawo ta ce kwaɗo na nan a kulle, ko ƙwarzane babu. Sawun ƙafa kuwa, awaki sun bi lungun sun tattake.

Motar nan duk Tasawa an san ta. Fijo ce ja mai ƙofa biyu, mai kwanciya ƙasa, irin ta tsere. Zamanin da nasara ke tseren motoci suna ratsa ƙasar nan ta mutu ma wani kusa da Maijirgi, ya gaji ya bar ta. Na Allah yana saurayi ya jawo ta da shanu biyu har gari, ya tashe ta, ya yi shekara talatin yana tuƙa ta ranar Juma'a da ranar salla. Shekara biyu da suka wuce gobara ta tashi tsakanin garajinsa da teburin Baƙo, maƙwabcinsa mai sayar da esansi, wato man fetur, a kwalabe. Kafin a kashe, taya da kujeru da wayoyi da fenti duk sun tafi, motar ta koma baƙin ƙarfe. Kowa ya ce ya ba masu sayen ƙarfe ya huta. Ya ƙi. Ya jawo ta gida ya yi mata rumfa.

Shi da Salisu suka yi aikin. Salisu magidanci ne mai ɗiya huɗu, shekara ashirin yana aiki ƙarƙashin Na Allah. Bayan gobarar aka yi ta raɗe-raɗin cewa guntun sigarinsa ne ya jawo ta. Ba wanda ya gani, amma maganar ta manne masa. Na Allah bai taɓa yarda ba, shi ya sa ma ya ba shi makullin rumfar. Su biyu suka kankare ƙunar da hannu, suka ja wayoyi ɗaya bayan ɗaya, dukawa suka ɗinka kujeru da jar fata. Abin da ya gagara shi ne karbirato, abin da ke haɗa esansi da iska ya ba inji, don na da ya narke ta ciki. Sai da aka shekara ana nema kafin wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo irinsa daga Kwatano. Na Allah ya yi ta yawo da shi a garaji yana nuna ma kowa kamar an yi masa haihuwa. Kwana goma sha ɗaya bayan haka ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki. Aka kai shi likita, bai kwana ba.

Sirajo, ƙanen Na Allah, yana jin labarin satar bai tsaya jin ƙarshe ba. Ya hau babur ya dawo da Birgadiye Amani daga komisariya, wani dogon ɗan sanda mai magana ƙasa-ƙasa. Aka kira Salisu. Maza suka shiga ta ƙofar lungu, Zara'u ta lulluɓe ta tsaya bayan zanar da ke bakin ƙaramar ƙofa, inda take ji ba a ganinta.

Birgadiye ya yi mata gaisuwar rashi. Ya duba kwaɗo, ya leƙa inji, ya ciro ɗan littafi da bik na rubutu.

"Inna, makulli nawa ne ga kwaɗon nan?"

"Biyu, Shef. Ɗaya na maigidan, ɗaya na Salisu."

"Ina na marigayi?"

"Ya ɓace tun ranar da anka kai shi likita. Mun nema ba mu gani ba."

"Naka fa?"

Salisu ya ciro nasa daga aljihu.

"Ka ba wani aro?"

"Ban taɓa ba."

"Ina kake tsakanin azahar da la'asar?"

Salisu bai kai ga buɗe baki ba. Sirajo ya amsa masa.

"Sulalewa ya yi! Ana cikin cin tuwo ya tashi, kowa ya gani."

"Malam Sirajo, ba kai na tambaya ba. Salisu?"

"Makabarta na tahi."

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai. Na so in yi mishi addu'a inda ba hayaniya." Ya nuna inji. "Shef, abin da anka ɗauka ɗin nan mataccen ne. Tsohon ne, wanda wuta ta ci. Ni na goge shi har ya yi ƙyalli, munka ɗora shi bisa inji don kar zanzaro ya shiga ramin ya yi gini. Mi zan yi da shi?"

Sirajo ya tafa hannu yana dariya. "Ku ji wayo! Ya saci akuya, ya ce ai mushe ce."

"To ina sabon?" in ji Birgadiye.

"Maigida ya ɓoye shi. Ya ce in ranar tashi ta zo zai kawo."

"Ina ya ɓoye?"

"Bai gaya mini ba."

Birgadiye ya sa aka duba rumfar, ƙarƙashin kujeru, cikin akwatin kayan aiki, har saman langa-langa. Babu. Ya rufe littafinsa.

"Kwaɗo ba a fasa ba, makulli ɗaya ne, kuma a hannunka yake. Ba ka da wanda ya gan ka a makabarta. Mu tahi, Salisu. In ba a samu wani abu ba zuwa jibi, takardarka za ta wuce gaban alƙali."

Salisu ya juyo wajen zana. "Yaya Zara'u, wallahi tallahi..."

"Tahi, Salisu. Na ji."

Ta san abin da ke jiransa. An riga an ce shi ya ƙone garajin maigidansa. In yanzu aka ƙara da cewa ya yi masa sata ranar sadakarsa, ko an sake shi ba mai sake miƙa masa mota a garin nan, ko keke.

Da suka tafi ta koma rumfar, tun da sauran rana. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma shekara biyu tana kawo ma mutanen nan abinci tana riƙe masu fitila da kile na kwance ƙusa, ta san kan injin kamar yadda ta san kan murhunta. Ƙusoshin huɗu an kwance notocinsu lafiya. Tiyon esansi ne aka yanke da wuƙa, maimakon a sassauta abin da ya ɗaure shi. Ta kamo bakin tiyon ta juya. An toshe shi. An murɗe baƙar leda, an ninka ta uku, an cusa, sannan an naɗe da siririyar jar roba, naɗi mai kyau, an soke bakin robar a ƙarƙashi. Mutum yana sata da rana tsaka, gida cike da jama'a, amma ya tsaya ya yi wannan naɗin.

Ta daɗe tana kallo. Tun gobarar Na Allah ya rantse ɗigon esansi ba zai shiga gidansa ba sai ranar da za a tashe ta. Tankin motar a bushe yake ƙaf. Ita ta sani, Salisu ya sani.

Ta bar shi yadda yake ta shiga ɗakinta. Maganar Salisu ce ke mata yawo a ka: maigida ya ɓoye shi. Na Allah mutum ne mai ba ta ajiya, takardun gona, goro, maganin mura, komi sai ya ce "riƙe mini wanga." Kwana kaɗan kafin ya faɗi ya miƙa mata wani ƙunshi mai nauyi cikin tsohon zane, ta saka a kwallar ƙasa cikin jerenta ba ta tambaya ba, mutuwa ta zo ta mantar da ita. Ta sauke kwallaye shida ɗaya bayan ɗaya. A ta bakwai ƙunshin na nan. Ta kwance. Karbirato ne, yana warin man inji, an toshe kowane rami nasa da auduga.

A nan ne kukan da ta ce ya ƙare ya dawo. Ta rungume abin a cinya ta yi mai isarta. Gwaggo Lalla ta tsaya a ƙofa ba ta hana ta ba.

Washegari da hantsi ta aiki Gwaggo komisariya. "Ki ce ma Birgadiye ya taho shi kaɗai. In ya ce aiki gare shi, ki zamna nan gabanshi har ya gama."

"Ai ko ba ki ce ba," in ji Gwaggo, tana gyara lulluɓi.

Birgadiye ya zo. Aka shimfiɗa masa tabarma a rumfar, Zara'u ta turo ƙunshin ta ƙarƙashin zana. Ya buɗe, ya juya shi, ya ɗora bisa ƙusoshin inji. Ya zamna daidai.

"Ashe Salisu gaskiya ya faɗi."

"Gaskiya ya faɗi, Shef. Wanda ya goge matacce da hannunshi ba shi sace shi."

"Haka ne. Amma alƙali zai ce ai shi ya faɗa, wa ya ga mataccen? Wataƙila biyu ne masu kyau. Sai an ga abin da anka sata."

"To dubi tiyo."

Ya duƙa ya duba. Ta gaya masa maganar rantsuwar da busasshen tanki.

"Wanda ya yanke ya ɗauka da mai a ciki," in ji ta. "Baƙon motar ne ke nan. Kuma makaniki in ya yanke tiyo, ƙusa yake sokawa ko ya lanƙwasa shi. Na sha gani. Wanga naɗin, a bakin kwalba nike ganin irinshi."

Birgadiye ya ɗaga kai ya dubi zanar kamar zai ga mai maganar. "Masu sayar da esansi."

"Hannunsu ya saba. Ba su iya ganin bakin mai a buɗe su wuce."

"Inna, masu teburin esansi a Tasawa sun fi ɗari. Kuma ba ɗayansu da ke da makulli. Ƙanen mijin naki fa? An ce shi ke son a sayar da motar ga masu ƙarfe."

"Sirajo bakinshi ne da zahi, ba hannunshi ba. Jiya tun sahe har la'asar muryarshi nike ji a ƙofar gida. Shi ke rabon tuwo, shi ke faɗa da yara, shi ke faɗa da manya. Da ya yi shiru na ɗan lokaci, da duk unguwa ta sani."

Birgadiye ya yi murmushi. "To mu koma ga makullin da ya ɓace. Ina marigayi ke ajiye shi?"

Zara'u ta buɗe baki za ta ce aljihu, sai ta tsaya. Na Allah ya sha zubar da makullai a ƙarƙashin motocin mutane, har ta gaji ta ɗinka masa wani ɗan aljihu ta cikin shuɗiyar rigarsa ta aiki, ƙasa da wuya ta hagu, da jan zare. Ranar da ya faɗi, a likita aka cire masa rigar, aka dawo da ita aka rataye. Da aka nemi makulli, aljihun waje aka lalube. Ita ba ta iya ko kallon rigar ba, balle ta taɓa ta.

"Gwaggo! Shuɗiyar rigar da ke bisa ƙusa, tana ina?"

"Ai na ninke ta cikin kayan sadaka jiya. Ba ke kinka ce in kwashe duka in ba Sirajo ya raba ba?"

"Kin wanke ta?"

"Wa ke wanke rigar makaniki ta hita? Kakkaɓewa na yi."

Aka aika kiran Sirajo. Ya shigo yana huci, ya ga karbirato bisa inji, ya tsaya turus.

"Ya dawo da shi ke nan?"

"Zamna, Malam Sirajo," in ji Birgadiye. "Jiya kai ka raba tufafin marigayi?"

"Ni ne. Bayan addu'a, da hantsi. Haka ake yi."

"Wa ka ba mi?"

"Babbar riga, liman. Riga da wando biyu, Malam Ishaƙu da ya yi mishi wanka. Huluna da takalma, dangin ƙauye."

"Malam Ishaƙu na sayar da esansi?"

"Wane! Tsohon da sai an ja mishi sanda?"

"Shuɗiyar rigar aiki fa?" in ji Zara'u.

Sirajo ya sosa ƙeya. "Salisu na fara miƙa ma. Ya ce ba shi iya sa ta, zuciyarshi ba ta ɗauka. Sai Baƙo ya ce in ba shi, ya riƙa tuna maƙwabci."

Birgadiye ya ciro littafinsa. Sirajo ya dubi wannan ya dubi zana.

"Mi ya faru? Yaya, mi na yi?"

"Ba ka yi komi ba, sadaka ka raba," in ji Zara'u. "Baƙo ya ci tuwo tare da ku?"

"Ya ci. Ya ce zai je ya duba tebur ya dawo. Ya dawo ana shirin la'asar."

"Wannan ba ka gani ba sai na Salisu."

Sirajo ya sunkuyar da kai.

Birgadiye ya yanko bakin tiyon da toshinsa ya sa a aljihu. A bakin babbar hanya ya tarar da teburin Baƙo an lulluɓe kwalabe da buhu. Mai shayi na kusa ya ce tun da safe ya shiga motar Mayahi. Birgadiye ya zaro kwalba ɗaya, ya wuce tasha, ya samu inuwa ya zamna. Da azahar ta gota motar Mayahi ta iso. Baƙo ne na huɗu da ya sauko, da ƙullin buhu a hammata, da shuɗiyar riga a jikinsa.

A rumfar motar aka zaunar da shi. An ɗauko Salisu daga komisariya, Sirajo na tsaye jikin ƙofa. Birgadiye ya zazzage buhun. Karbirato ya faɗo bisa tabarma yana ƙyalli.

"Ina ka samo wannan?"

"A kasuwar Mayahi na saye shi, Shef, wurin masu tsohon ƙarfe. Na ji an yi ma gidan maƙwabcina sata, na ce in nemo masu madadi."

"Allah sarki. Salisu, ka san shi?"

Salisu ya ɗauka ya kifa. Ta ƙasa ƙarfen ya narke ya kumbura kamar ƙanzo. "Shi ne. Ga inda wuta ta ci."

"To ɓarawon ya kai shi Mayahi ke nan," in ji Baƙo da sauri. "Ni mi ya haɗa ni da ɗakin nan? Da makulli nike?"

Muryar Zara'u ta fito daga bayan zana, ba ta ɗaga ta ba.

"Shef, ɗaga wuyan rigar nan ta hagu. Ka sa hannu ta ciki. Akwai ɗinki da jan zare."

Baƙo ya kai hannu zai dafe wurin, Birgadiye ya riga shi. Ya zaro ɗan makulli. Ya miƙe ya je ƙofar lungu, ya kulle kwaɗo, ya soka, ya murɗa. Kwaɗo ya buɗe.

Ya dawo ya ajiye kwalbar da ya ɗauko daga tebur, ya ajiye guntun tiyon kusa da ita. Baƙar leda ninki uku, jar roba, bakin robar a soke a ƙarƙashi. Ko makaho ya shafa ya san hannu ɗaya ne.

"Bari in gaya maka yadda anka yi, in na kuskure ka gyara mini," in ji Birgadiye. "Da hantsi anka ba ka riga. Ka gwada ta, ka ji abu na sukar ka a ƙirji, ka tarar da makulli. Ka san ko na ina ne. Ka san mata na cikin gida, maza na ƙofar gida, lungu ba kowa. Ka ce za ka duba tebur, ka ɗauko kile ka zagayo. Ka ga abu na ƙyalli bisa inji ka ce shi ne na Kwatano, don ba ka san akwai biyu ba. Ka yanke tiyo, hannunka ya toshe shi da kanshi, don ba ka san tankin a bushe yake ba. Abu biyun nan Salisu ya san su. Ka kulle, ka mai da makulli inda ka same shi, ka dawo ka bi jam'in la'asar. Na kuskure?"

Baƙo ya dubi tabarma.

"Wani mutum ne daga tsallaken iyaka," ya ce. "Shina sayen kayan tsoffin motoci. Ya sha tsayawa teburina shina tambaya. Ban yi niyya ba, wallahi, sai da na ji makullin a hannuna. Yau na kai mishi Mayahi. Ya kifa shi, ya hura, ya yi dariya ya jeho mini."

"Ka bar wani ya kwana a kulle dominka," in ji Birgadiye.

Baƙo ya juya wajen zana. "Zara'u, ki dubi zaman tare."

"Shi nike dubawa, Baƙo. Tuwon sadakarshi na cikinka, rigarshi na wuyanka."

Ya fara kiciniyar cire rigar.

"Bar ta. Sadaka ce, ba a amshe ta. Makullin ne ba a ba ka ba."

Birgadiye ya tafi da shi. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Inna, da kin yi lakwal, da ke ce shef ɗinmu." Ta ce masa Allah ya kiyaye, aikin gida ma ya ishe ta. Maganar gobarar garaji kuwa, Birgadiye ya tambayi Baƙo a can komisariya, Baƙo ya ce bai sani ba, kuma har yau ba wanda ya sani.

Sirajo ya yi ta kai da kawo a rumfar, ya rasa ta inda zai fara. Can ya tsaya gaban Salisu.

"Kai ma da ka yi magana da ƙarhi..."

"Na yi. Dariya ka yi."

"To na yi. Ka yahe mini." Ya dubi motar. "Wagga abar, da gaske tana tashi?"

"In an bar ni."

"Wa ya hana ka?"

Kwana tara Salisu ya yi a kanta. Yakan zo da sassafe ya yi sallama daga lungu, Gwaggo ta miƙa masa koko. Ya ɗaura sabon karbirato, ya ja sabon tiyo, ya goge buji, wato fulogi, Sirajo ya kawo aron batiri daga wurin wani abokinsa yana ta mita a kan nauyinsa. Rana ta tara da hantsi Salisu ya zo da lita biyar na esansi a bido, wato jarka, ya tsaya bakin ƙofa bai shigo da shi ba.

"Yaya Zara'u, maigida ya yi rantsuwa a kan mai. Sai kin ce."

"Ya ce sai ranar tashi. Yau ce?"

"In Allah ya so."

"To shigo da shi."

Ya zuba. Ya shiga ya yi bismilla ya murɗa. Inji ya yi tari ya mutu. Ya sake, ya mutu. Ya fito ya taɓa wani abu da kile, ya koma. Karo na uku motar ta yi wata gurnani mai kauri, langa-langar rumfa ta ɗauki rawa, kaji suka watse, Gwaggo Lalla ta saki kwanon da ke hannunta tana cewa "La'ilaha!" Kafin a ce mi, lungu ya cika da mutane. Zara'u ta jingina da garu ta rufe ido. Shekara biyu ba ta ji wannan muryar ba.

Salisu ya bar ta tana aiki ya zo bakin zana, yana share fuska da hannun riga.

"Ta tashi, Yaya. In kashe, mu jira ki hita takaba? Ke ya kamata ki fara shiga."

"Ni da saura. Motar ba ta takaba." Ta gyara lulluɓi. "Fitar da ita. Ka bi ta gaban garaji, ka bi ta tasha, ka ratsa kasuwa. Kar ka yi gudu."

"Ni kaɗai?"

"Sirajo ya zamna gefenka. Ka sauke gilashi duka. Ina so duk wanda ya ji an tahi da kai komisariya ya ga wanda ke tuƙa motar Na Allah."

Sirajo ya riga ya buɗe ƙofa ya shiga, yana faɗa da yara su ba da hanya. Jar motar ta fita lungu a hankali. Zara'u ta tsaya bayan zana tana bin ƙararta da kunne, ta ji ta hau babbar hanya, ta ji ihun mutanen tasha ya tashi, suna kiran sunan Salisu.